Gaisuwar Safe a Ƙofar Mushe

Abubuwa da yawa na zaman Lyon sun ɓace mini, har da lambar ɗakin da na yi karatuna duka a cikinsa, amma ba zan taɓa mantawa da lokacin da na mayar da kaina mai gadin ƙofar malaminmu ba. Har yau in abin ya faɗo mini a rai sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi, ko da ni kaɗai ne a ɗaki.

Lokacin ina shekarar ƙarshe a fannin kimiyyar ruwa, a jami'ar da ke Villeurbanne. Daga Damagaram na zo da burs, wato tallafin karatu, kuma dokar shekarar ƙarshe ba ta da kwana-kwana: sai ka yi istaj, ka je wani labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, ko kamfani ka yi aiki da hannunka na wasu watanni, sannan a ba ka digiri. Ba istaj, ba digiri, kuma burs ba ya jiran wanda ya makara. 'Yan ajinmu kowa ya fara samun wuri, ni kuwa shiru. Da zancen nake kwana, da shi nake tashi. Ko shayi na dafa, a tsaye nake shanye shi, ina leƙa salula kamar wanda aka ce za a kira shi yanzun nan.

Ana haka sai wani malaminmu ya liƙa sanarwa a allon koridor, hanyar da ke tsakanin azuzuwa. Zan kira shi Mushe kawai, wato Monsieur na Faransanci, kamar yadda muke kiran malamai a gida. Dattijo ne dogo mai furfura, ba ya son surutu, rabin mako yana koyar da mu a Lyon, sauran rabin yana Paris inda yake shugabantar wani labo. Sanarwar ta ce labon nasa na neman ɗalibi guda ɗaya, kuma aikin shi ne binciken ruwan rijiyoyi a ƙasashen Sahel. Ni da na tashi ina tura kurar jarkoki tun kafin in iya karatu, da na ga haka ban ko tsaya tunani ba. Na ce wannan gurbin nawa ne, ko da tsiya ko da arziki.

Da Ingilishi aka rubuta sanarwar, saboda suna aiki da mutanen wasu ƙasashe. Na bi ta sama-sama da ɗan Ingilishina na lekol, wato makarantar boko, har idona ya tsaya a layin da ya ce suna son mutum *diligent*. A Faransanci ma akwai kalmar, amma ban taɓa jin wani mai rai ya furta ta ba. Na buɗe ƙamus a salula, ya ce mai kula da aikinsa, mai dagewa a kai, wanda ba ya gajiya kuma ba ya aikin ganin ido. Na karanta, na gane, amma hankalina bai kwanta ba. Ni ba ma'ana nake nema ba, so nake a gaya mini abin da zan tashi in yi gobe da safe.

Sai na kira Alhaji Ɗanlami. Bakano ne, aminin babana tun suna samari suna safarar atamfa, yanzu yana da shagon sari a Aubervilliers, yana loda takalma da jakunkuna a kwantena zuwa Kano da Maraɗi. Shi ne ubana a ƙasar nan, kuma a wurina duk wanda ya yi boko a Nijeriya ya gama da Ingilishi.

"Baba Alhaji, wata kalma ce ta sha mini kai."

"Faɗe ta mu ji."

Na faɗa. Ya yi dariya, ya sa na maimaita har sai da ta yi masa daidai a kunne.

"Ai wannan kalmar tamu ce, ɗana. Muna firamare hedimasta kan rubuta wa yaro ita a takardar sakamako in ya ga ba ya wasa. Himma ke nan, da naci. Ana faɗa wa ɗalibi, ana faɗa wa ma'aikaci, har ɗan sandan da ya bi sawun ɓarawo bai gaji ba. Amma ba a faɗa wa mai gaggawa, komai yawan aikinsa."

"To ni ta yaya zan nuna wa malamin haka nake?"

"Yauwa, yanzu ka yi tambaya. Ba da baki ake faɗa ba, kowane sakarai zai iya cewa shi mai himma ne. Gani ake yi. Kana zuwa gaishe shi?"

"A aji muke haɗuwa."

"A aji, kai da taron jama'a. To ta ina zai san da kai?"

Daga nan ya ba ni labarin yadda ya samu shiga wurin babban dillalin da yake sarin kaya a hannunsa. Kullum da safe sai ya je ya gaishe shi, ya tambayi iyali, ya wuce, bai taɓa roƙonsa komai ba. Wata rana mutumin da kansa ya kira shi ya buɗe masa sito. "Babba ba a zo masa da buƙata gatsau," in ji Alhaji. "Ka gaishe shi yau, ka gaishe shi gobe, ya san abin da ya kawo ka. In ka buɗe baki ka roƙa, ka takura shi, kai kuma ka zubar da mutuncinka."

Wallahi maganar ta shige ni, don haka na taso na gani. Haka babana yake yi, haka kawuna ya samu filin da ya gina gida. (A ƙasan sanarwar akwai wani ɗan layi da ya ce mai so ya rubuto wa Mushe. Na gan shi sarai. Na ɗauka wannan na waɗanda ba su da tarbiyya ne.)

Washegari na kama tiram, jirgin ƙasan cikin gari, da sassafe, na je na tsaya a ƙofar biron Mushe, wato ofishinsa, hannuwa a baya. Ya iso da jakarsa da makulli a hannu.

"Bonjour Mushe. Kun tashi lafiya?"

"Lafiya, na gode. Kana da tambaya?"

"A'a, gaisuwa ce kawai. Ina gajiya? Yaya iyali? Yaya sanyi?"

Ya tsaya da makullin a cikin ƙofa, ya dube ni ta saman tabarau. "Iyalina... suna nan lafiya." Na ce madalla, na rusuna, na tafi ina jin na aza tubalin farko.

Haka na ci gaba, ba fashi. Ya ce kana da tambaya, in ce gaisuwa ce kawai. Akwai ranar da na tare shi tun daga matakala na kai hannu zan karɓi jakarsa. Ya riƙe, na ja, ya ja, muka ɗan yi kokawa a gaban sakatariya, har na haƙura na sake masa. A raina na ce dattijon nan akwai tawali'u.

In na gama gaisuwa sai in wuce labonmu na makaranta in kama abin da ke gabana. In wanke kwalabe, in sake wanke su, in auna ruwa, in lambar ba ta kwanta mini ba in zubar in sake daga farko. Wani lokaci har kowa ya watse ina nan. Wannan ban taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba, aiki ne kawai, kuma ina sonsa.

Mutum ɗaya ce ta yi ƙoƙarin ceto ni, Rakiya, 'yar garin Tawa, ajinmu ɗaya, ita ta riga ta samu istaj a wani kamfani. Ta same ni a koridor ina jiran Mushe, ta ajiye kofin kafen da take sha a kan taga.

"Wai kai mi kaka yi ƙofar mutumen ga kullum da sahe?"

"Gaisuwa."

"Ka hwaɗa mishi kana son wurin?"

"Ke ba ki san manya ba. Ai ya sani."

"Franchement, gaskiya ka rubuta mishi layi biyu ka huta."

Na ce mata layi biyu kowa ma zai iya, ni a aikace nake nuna nawa. Ta ɗauki kofinta ta ce Allah ya ba da sa'a, Sarkin Gaisuwa. Sunan ya bi ni har yau.

Abin da ya ƙara ruɗa ni shi ne na fara ganin alamu. Mushe ya fara tsayawa yana kallona da kyau kafin ya buɗe ƙofa. Wata safiya ya ce, "Ka ci wani abu yau?" Kafin in amsa ya zaro burodi daga takarda ya miƙo mini. Wata rana ya tambaye ni ko ɗakina akwai ɗumi, ko ina samun barci, ko ina da waɗanda nake magana da su. Ina fita na kira Aubervilliers.

"Baba Alhaji, ya fara tambayar cina da shana."

"Alhamdulillahi. Ya ɗauke ka ɗa ke nan. Kada ka sassauta."

Sassauci kuwa ina na gan shi? Damuwata ɗaya ita ce ranakun da Mushe yake Paris. In na zo na tarar da ƙofar a rufe sai in rasa inda zan sa kaina. In zauna, in tashi, in zagaya harabar jami'a, in dawo in sake duba ƙofar kamar zai fito daga cikinta. Ina ta tunanin can a Paris wani ɗan wani yana tsaye a ƙofarsa yana cinye mini wahalata. Da na kai wa Alhaji kuka, ko jinkiri bai yi ba.

"To Paris ɗin a sama take? Ka taho."

Na hau bas mai arha, na sauka a shagonsa, na kwana a ɗakin baya tsakanin kwalayen takalma. Da safe ya ce ba a zuwa wurin babba hannu rabbana, ya ɗauko kwalbar turare mai ƙarfi, irin wanda in an fesa a Aubervilliers ake jinsa a unguwar gaba, ya naɗe mini a leda. Na shiga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, layi na bakwai, na yi ta canji ina ɓata hanya, har na gano ginin labon. Ana yayyafi. Na tsaya a bakin ƙofar shiga, ba laima, ledar turare a ƙirji.

Can sai ga Mushe tare da wasu abokan aikinsa, suna tafe suna magana. Da ya gan ni sai ya ja ya tsaya cak.

"Me kake yi a Paris?"

"Na zo gaishe ku ne, Mushe."

"Daga Lyon?"

"Ai ba nisa. Yaya iyali?"

Na miƙa turaren da hannu biyu. Ya ce ba zai iya karɓa ba, doka ta hana. (Na ce a raina jan aji ne irin na manya.) Ya dubi rigata da ta jiƙe sharkaf, ya dubi abokansa, sannan ya matso ya dafa kafaɗata, ya yi ƙasa da murya.

"Ranar Litinin ka zo birona a Lyon. Akwai wadda nake so ku haɗu. Za mu warware matsalarka, ka ji?"

Ban san yadda na koma Aubervilliers ba. Alhaji ya rungume ni a gaban masu dako, ya ce me na gaya maka. Tun a cikin bas na kira Inna a Damagaram na ce mata an gama, Paris za ni, aikin rijiyoyinmu zan yi. Kafin in iso Lyon ta riga ta sa an toya masa an raba sadaka a unguwa, kuma duk wanda ya karɓa sai da aka gaya masa dalili.

Ranar Litinin na fito da shaddata ta Sallah, na goge, na kafa hula, na fesa turaren da Mushe ya ƙi karɓa. A cikin tiram wata tsohuwa ta tashi daga kusa da ni ta koma can baya, ban damu ba. Na ƙwanƙwasa, aka ce in shigo.

Mushe yana zaune, a gefensa wata mata mai fara'a da sanyin murya. A kan tebur akwai kwalin takardar share hawaye, a ƙasa kuma wata jakar takarda cike da kaya. A raina na ce wannan ita ce shugabar da ta zo daga Paris. Na rusuna na kwararo mata gaisuwa, har da tambayar hanya. Ta jira na gama, ta ce in zauna, ta faɗi sunanta, ta ce daga ofishin taimakon ɗalibai masu matsala take, kuma duk abin da zan faɗa a ɗakin nan zai tsaya.

Ban gane ba. Na juya na kalli Mushe. Ya gyara zama, ya fara yi wa matar bayani a hankali, da muryar da ake magana a ɗakin marar lafiya.

"Yaron nan ya daɗe yana zuwa ƙofata kullum da safe. Sai ya tsaya, ya tambaye ni iyalina, in na ce me ke tafe da shi sai ya kasa faɗa. Ina ganin kewar gida ce, ko yunwa, ko wani abin da ya fi haka. Makon jiya har Paris ya bi ni, na same shi tsaye a cikin ruwa. Na rasa barci a kansa."

Matar ta turo mini kwalin takardar share hawaye. Ta ce ba abin kunya ba ne, ɗalibai da yawa daga nesa suna shiga irin wannan halin. Ta nuna jakar, ta ce akwai taliya da shinkafa da gwangwanin kifi, in fara da su kafin a ga abin da za a yi.

Jama'a, zufa ta karyo mini tun daga ƙarƙashin hula. Ga ni cikin shadda, ina ƙamshi har ɗakin ya cika, ana miƙo mini taliya. Na so ƙasa ta tsage in shige. Na buɗe baki, Faransancin ya gudu, Hausar ma ta ƙi zuwa. Da ƙyar na tattaro abin da ya rage.

"Lafiyata lau, Mushe. Istaj nake so."

"Wane istaj?"

"Na Paris. Na rijiyoyi."

Mushe ya cire tabarau ya ajiye, ya murza idanunsa.

"An ba da shi," ya ce. "Ranar da ka zo Paris, taron da muka shiga ke nan." Ya faɗi sunan wanda aka ba wa, wani ɗan ajinmu Bafaranshe da ke shigowa aji da abin jin kiɗa a kunne, wanda ban taɓa jin ya ce wa kowa sannu ba. "Me ya sa ba ka nema ba? Na jira sunanka. Da nake rubuta kalmar *diligent* a sanarwa, kai ne a raina, saboda na sha ganin yadda kake aiki a labo. Da ban ga ka rubuto ba sai na ɗauka ba ka so, ko damuwar da ke cin ka ta hana ka."

Na ce ai na ɗauka ya sani.

"Ta yaya zan sani? Kullum ina tambayarka ko kana da tambaya."

A nan ne hawayen suka zo da gaske, na kuwa zari takardar na share. Matar ta gyaɗa kai, alamar aikinta ya fara kyau. Da zan fita ta dage sai na tafi da jakar, ni kuma ba ni da sauran ƙarfin musu. Haka na hau tiram, shadda a jiki, hula a ka, taliya a hammata.

Rakiya ta yi dariya har sai da ta zauna a ƙasa. Da ta ga fuskata ta bari, ta karɓi jakar ta dafa mana taliyar da kifin, muka ci. Alhaji da na gaya masa, sai ya ce Turawan nan ba su san darajar gaisuwa ba, ya ƙara da cewa wataƙila da takalmi muka kai masa maimakon turare da ya karɓa. Kiran Inna ne ya fi yi mini nauyi, na yi ta ɗaga salula ina ajiyewa. Da na faɗa mata Paris ba ta yiwu ba, ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, masar kuma an ci an yi addu'a, ba ta faɗi ƙasa ba. Maƙwabta ne dai suka daɗe suna tambayarta yaya mutanen Paris.

Washegari na sake komawa ƙofar Mushe. Da ya hango ni sai na ga ya rage tafiya, ya ƙanƙame jakarsa. Ban bari ya ƙaraso ba na ce, "Bonjour Mushe, ina da tambaya." Ya yi ajiyar zuciya. A makon nan ya samo mini istaj a wata tashar tace ruwan masai a bayan gari. Can na yi watannina ina auna abin da mutanen Lyon suka kora, da himma da naci kamar yadda ƙamus ya ce, na kuwa samu digirina.

Shi kuwa mai abin jin kiɗa, aikin ya kai shi har ƙasarmu ɗibar ruwan rijiyoyi, kuma Damagaram na cikin garuruwan da aka tura shi. Da na ji, sai tarbiyyar ta sake motsawa, na ba shi lambar gidanmu. Inna ta sauke shi, ta yi masa tuwo da miyar kuka, ta sa aka raka shi har rijiyar da nake jan ruwa ina yaro. Da na kira ta na tambaye ta yaya baƙo, ta ce yaron kirki ne, ba ruwansa, sai dai bai iya gaisuwa ba.

Har yau ban daina gaida manya ba, wannan a jinina take. Amma kafin babba ya zaro makullinsa daga aljihu, na riga na faɗa masa abin da ya kawo ni.